Jiragen Yadi da Katako: Daga Gwanjon Soja Zuwa Oshkosh

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a filin dawakin Kano. Daga Helwan ta kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne jagoransu. Samfurin DH.9A ne, ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma haruffa biyun farkon sunan na mutumin da ya zana su ne, Geoffrey de Havilland. Jiragen gwamnati ne, sun zo nuna ƙarfin mulki da gwada hanya.

Wata takwas kafin wannan sauka, ranar 22 ga Fabrairu, de Havilland ɗin da kansa ya tashi da wani jirgi daban a filin Stag Lane da ke gefen Landan. Kujera biyu gare shi, jikinsa katako, fukafukansa ma katako ne da aka lulluɓe da yadi, kuma ana iya naɗe su a ɗaura jirgin bayan mota a ja shi gida. Ya sa masa suna Moth. Injinsa ma abin ji ne. Wani injiniya, Frank Halford, ya shiga inda aka jibge kayan yaƙin da ya ƙare, ya ɗauki injin Renault mai silinda takwas, ya ɗebi huɗu ya haɗa ƙaramin inji mai ƙarfin doki 60. Gwamnatin Ingila ta tallafa wa wasu ƙungiyoyin koyon tuƙi suka sayi jirgin, masu hali suka fara zuwa filin jirgi a ƙarshen mako kamar yadda suke zuwa wasan kati. A nan aka fara samun mutane da yawa da suka mallaki jirgi don nishaɗi kawai, kuma tun daga ranar farko da ragowar kayan soja sha'awar ta tashi. Haka za ta ci gaba da rayuwa har tsawon rabin ƙarni.

A Amurka ma gwanjon soja ne ya buɗe ƙofa. Dubban jiragen koyo samfurin Curtiss JN-4, waɗanda ake kira Jenny, suka zube a kasuwa bayan 1918. A 1923 wani saurayi mai suna Charles Lindbergh ya je Americus ta jihar Georgia ya sayi ɗaya kan dala 500, alhali bai taɓa tashi shi kaɗai ba kafin ranar. Irinsa da yawa suka riƙa bin ƙauyuka suna sauka a gonaki, suna ɗaukar mutane a zaga da su sama a kan 'yan daloli. Sun yi aiki da Jenny har suka ga bayanta. Wadda ta faɗi a cire inji a bar gawar a gona, wadda ta ruɓe a cinna mata wuta. Ba wanda ya ɗauke ta abin adanawa, shi ya sa waɗanda suka rage a yau 'yan ƙalilan ne.

Wanda ya yi suna ne kawai ke tsira. Amy Johnson, sakatariya a ofishin wani lauya a Landan, ta sayi Gipsy Moth na hannu kan fam 600, ta tashi daga Croydon ranar 5 ga Mayu 1930, ta sauka Darwin ta Ostareliya ranar 24 ga watan, ita kaɗai. Jirginta yana rataye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Sauran 'yan'uwansa kuwa aka ci gaba da morarsu har suka ƙare.

Mutum guda ne ya saɓa wa zamaninsa. Richard Shuttleworth ɗan masu arziki ne, ya gaji dukiyar kamfanin ƙera injinan noma, yana tseren mota, yana da fili a Old Warden cikin gundumar Bedfordshire. Tun 1928 ya fara tara tsofaffin motoci, daga baya ya koma kan jirage. A tsakiyar shekarun 1930 ya samo Blériot XI ƙirar 1909 a hannun wani mai gareji, ya gyara shi, kuma bai gyara don a rataye ba, sai don ya tashi. Ya mutu a watan Agusta 1940 yana atisayen dare a jirgin soja, yana da shekara 31. Mahaifiyarsa Dorothy ta kafa gidauniya a 1944 don kayan su zauna yadda ya so. Har yau Blériot ɗin nan yana tashi, shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da ke barin ƙasa da ƙarfin injinsa, ko da yake sai da yamma lis idan iska ta kwanta ake fito da shi, ya ɗan ɗaga sama ya bi tsawon filin ya sauka. Gardamar da Shuttleworth ya buɗe ba ta mutu ba. Masu gidajen tarihi suna cewa duk tashin da aka yi da abin da babu na biyunsa caca ce da dukiyar jama'a. Masu tashi suna cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce. Ni dai ina ganin kowannensu yana da gaskiya a kan jirgi guda ko biyu, amma a kan dubban ƙananan jiragen da wannan labari ya shafa, masu tashi ne suka cece su, don ba gidan tarihin da zai ɗauki nauyin jirgi ɗari iri ɗaya.

Wanda ya fi kowa yawa a cikinsu shi ne Piper Cub, kuma asalinsa karayar tattalin arziki ce. Wani mai zanen jirgi, C. G. Taylor, yana da ƙaramin kamfani a Bradford ta jihar Pennsylvania. Kasuwa ta rushe, kamfanin ya durƙushe, sai wani mai harkar man fetur, William Piper, ya saye ragowar kan dala 761. Piper bai san ƙira ba, amma ya san abu guda: jirgi mai tsada ba zai sayu ba a ƙasar da mutane ke layin karɓar miya. Ya nace a yi mafi arha da za a iya. Gobara ta cinye masana'antar a 1937, suka koma wata tsohuwar masaƙa a Lock Haven, a nan aka fara ƙera J-3, wanda aka ci gaba da yi har 1947, kusan guda 20,000. Farashinsa na farko wajen dala 1,000 ne, kuma launi ɗaya ake masa, ruwan ɗorawa da baƙin zane a gefe.

A dubi yadda aka yi shi, don a nan sirrin daɗewarsa yake. Gangar jikin bututun ƙarfe ne aka yi wa walda, aka ja yadi a kai. Injin da aka fi sa masa Continental ne mai silinda huɗu da ƙarfin doki 65, iska ce ke sanyaya shi. Babu batir, babu sitata, babu rediyo, babu fitila. Tankin mai yana gaban matuƙi, galan 12, wato lita 45, kuma ma'aunin man wata waya ce da aka soke a toto, ta leƙo ta cikin marfin tanki. Idan wayar ta nutse, mai ya ƙare. In mutum shi kaɗai ne, a kujerar baya yake zama don nauyi ya daidaita. Gudunsa wajen kilomita 120 a awa, idan iska ta taso daga gaba motocin da ke kan titi suna wuce shi. Duk jirgin bai wuce kilo 350 ba in babu kowa a ciki. Abin da ba a sa ba, ba zai lalace ba, kuma abin da aka sa babu wanda maƙeri mai haƙuri ba zai iya sakewa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yawaita su. Daga 1939 gwamnatin Amurka ta kafa shirin koya wa farar hula tuƙin jirgi, wanda ya horar da mutum sama da 400,000, galibi a cikin Cub. A Tuskegee ta jihar Alabama, a 1941, matar shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ta shiga irin wannan jirgi wani baƙar fata, Charles Alfred Anderson, ya zaga da ita, a lokacin da manyan soja ke cewa baƙar fata ba zai iya tuƙa jirgi ba. Soja suka shafa wa Cub koren fenti suka kira shi L-4, yana leƙo wa masu igwa inda harsashinsu ke faɗawa. A ɓangaren Ingila kuwa jikan Moth ne ya yi wannan aiki, Tiger Moth, mai fukafukai sama da ƙasa, wanda ya fara tashi a watan Oktoba 1931. An ƙera fiye da 8,800, da yawa a masana'antar motocin Morris da ke Cowley, wasu a Kanada da Ostareliya da New Zealand. Amurkawa suna da nasu babban, Boeing Stearman.

Da yaƙi ya ƙare, kamfanonin Amurka suka yi lissafin dokin rano. Sun ce dubban samarin da suka koyi tuƙi a soja kowanne zai dawo gida ya sayi jirginsa. A 1946 kaɗai an ƙera ƙananan jirage sama da 30,000: Cub, Aeronca Champion, Taylorcraft, Luscombe, Cessna 120 da 140, Stinson. Akwai ma Ercoupe, wanda aka sauƙaƙa tuƙinsa har aka baje shi a kantin Macy's na New York, kusa da inda ake sayar da tufafi. Samarin suka dawo, amma aure da gida da mota ne a gabansu. Shekara ta zagayo kasuwa ta faɗi warwas, jirage suka yi kwantai, kamfanoni da dama suka rufe, Piper da kansa da ƙyar ya sha. Ga kuma soja suna gwanjon nasu a kan kuɗi kaɗan. Stearman ya koma feshin magani a gonakin auduga, Tiger Moth ya koma watsa taki a tuddan New Zealand da jan jiragen da ba su da inji. A Ingila har faɗaɗa cikinsa aka yi ya ɗauki mutum huɗu, aka kira shi Thruxton Jackaroo.

Sai kuma yayi ya wuce su. A 1956 Cessna ta fito da 172, jikinsa duk alminiyam, yana da sitata da rediyo, kuma tayarsa ta uku tana ƙarƙashin hanci maimakon jela. Makarantun tuƙi suka koma kansa. Jiragen yadi suka zama abin da ake ɗaure wa a bayan rumfa, rana ta ci yadin, ruwa ya taru a bututun jela ya yi tsatsa, ɓeraye su yi gida a fiffike. Wanda ya ga dama ya saya da kuɗin tsohuwar mota, wanda bai samu mai saye ba ya tafi hannun 'yan gwangwan.

Waɗanda suka tsince su a wannan hali ba attajirai ba ne. Makanikai ne, malaman makaranta, manoma, tsofaffin kuratan soja, mutanen da sabon jirgi ya fi ƙarfinsu amma suna da gareji da hannu. A 1953 ƙungiyoyi biyu suka tashi a tsakiyar Amurka. A Milwaukee, Paul Poberezny ya tara 'yan abokai suka kafa EAA, ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida, ofishinta na farko a ƙarƙashin gidansa yake. Taronsu na farko a watan Satumba na shekarar jirage kusan 20 ne suka zo. A Ottumwa ta jihar Iowa kuma Robert Taylor ya kafa ƙungiyar masu tsofaffin jirage, wadda daga baya ta samu filinta na ciyawa a Blakesburg. A jihar New York wani makanike, Cole Palen, ya kwashe 'yan kuɗin ajiyarsa a 1951 ya sayi jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka bari a filin Roosevelt da za a rufe, ya nemi wata gona a Rhinebeck ya share da hannunsa. A Ingila Norman Jones ya kafa Tiger Club a shekarun 1950, Stuart McKay ya kafa ƙungiyar masu Moth a 1975. Faransawa suna da iyalin Salis a La Ferté-Alais. Taron EAA ya koma Rockford a 1959, ya koma Oshkosh ta jihar Wisconsin a 1970, inda yanzu jirage fiye da 10,000 da mutane fiye da 600,000 ke haɗuwa a mako guda na ƙarshen Yuli. Sashen tsofaffin jirage yana da nasa fili da nasa alƙalai, kuma sun raba su aji-aji: waɗanda aka ƙera kafin Satumba 1945, waɗanda suka biyo har ƙarshen 1955, sai na 1956 zuwa 1970.

Amma ƙungiya da taro ba su isa su raya jirgi ba. Abin da ya juya lamarin yadi ne. Da can auduga ko lilin ake ja wa jirgi, a shafa masa wani irin fenti mai ɗaure yadi ya yi tauri kamar fatar ganga. Na farkon da aka yi amfani da shi yana kama wuta kamar fetur, kuma audugar da ke kwana a waje 'yan shekaru kaɗan take yi ta ruɓe. Sake lulluɓe jirgi aikin watanni ne, sau da yawa kuɗinsa ya fi kuɗin jirgin, shi ya sa ake watsar da su. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara amfani da yadin roba, Ceconite, a tsakiyar shekarun 1960 kuma Ray Stits na California ya fito da nasa tsarin. Wannan yadi ana manna shi a jikin ƙarfe sakwa-sakwa, a bi shi da dutsen guga a zafin da aka auna, ya tsuke ya ɗame. Sannan a ɗauki doguwar allura a ɗinke shi da kowane haƙarƙarin fiffike, ƙulli bayan ƙulli, ɗaruruwa, don kada iska ta ɗaga shi. A shafa fenti mai garin alminiyam ya tare rana. In an yi da kyau kuma jirgin yana kwana a rumfa, yana iya shekara 20 ko 30. Masu gyara ma har kuka suke da wannan ƙarko, don yadin yakan fi abin da ke ƙarƙashinsa daɗewa, tsatsa da ruɓewar katako su yi ta ci a ɓoye ba mai buɗewa ya gani.

Tuƙa waɗannan jirage kuwa wata sana'a ce da ta kusa ɓacewa. Jirgi mai taya a jela nauyinsa yana bayan manyan tayoyin biyu, don haka da zarar ya taɓa ƙasa jelar tana neman ta zagayo gaba. In matuƙi ya yi sakaci da fedojin ƙafa na daƙiƙa guda, musamman idan iska na bugowa daga gefe, jirgin zai wulwula a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. Hanci kuma yana sama, ba a ganin gaba, sai a riƙa tafiya ana karkacewa dama da hagu ana leƙe. Tiger Moth na asali ko burki ba shi da shi, wani ƙarfe ne a jela ke kartar ciyawa ya tsayar da shi. A zamanin da, kowa da wannan ya fara koyo. Zuwa 1991 abin ya zama baƙo har hukumar jiragen Amurka ta wajabta horo na musamman da sa hannun malami kafin a tuƙa irinsu.

Tada injin ma da hannu ne. Mutum ya tsaya gaban farfela ya fizge ta ƙasa ya ja da baya, wani yana ciki ya riƙe burki, ko a sa wa tayoyi waigi a ɗaure jela. Wanda ya manta ya bar totur a buɗe yakan ga abin mamaki. A watan Agusta 1955 wani jirgi samfurin Auster ya kuɓuce wa matuƙinsa a Bankstown, ya tashi ba kowa a ciki, ya yi ta shawagi a kan birnin Sydney na awanni har sai da jiragen sojan ruwa suka harbo shi a kan teku. A 1997 wani Aeronca Champion ya yi irin haka a jihar Ohio. Ana ba da waɗannan labarai ana dariya, amma farfela ta raba mutane da hannu da rai.

Akwai tambayar da duk mai lura zai yi idan ya ga Cub na 1946 yana ƙyalli a Oshkosh: me ya rage a jikinsa na 1946? An sake yadi sau huɗu ko biyar, an yanke bututun da suka yi tsatsa an yi sabuwar walda, an canza katakon fiffike, an sauke inji an ɗora wani, kuma kamfanoni irin su Univair na Colorado suna ƙera kusan kowane sashe sabo. A idon doka, jirgin shi ne wani ɗan allon ƙarfe mai lamba da bai kai tafin hannu ba, tare da littattafansa. A cikinsu ake rubuta kowace awa da ya tashi, kowane gyara, da sa hannun makaniken da ya yi da lambar lasisinsa. Jirgin da littafinsa ya ɓata darajarsa ta faɗi ko da sabo fil yake, kuma akwai waɗanda aka gina daga tushe a kan allon da aka tono daga tarkace. Wasu suna ganin wannan yaudara ce. Ni ban ga haka ba. Abin da ya ratso shekara 80 ya iso yau shi ne jerin hannayen da suka san yadda ake yin aikin, kuma littafin nan shi ne shaidarsu.

Inda jerin ya yanke, nan ajali ke shigowa. A watan Disamba 2013 wani Tiger Moth mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ya karye a sama kusa da tsibirin South Stradbroke na Ostareliya, mutum biyu suka mutu. Masu bincike suka gano sandunan ƙarfen da ke riƙe fukafukan ƙasa ne suka tsage, kuma ƙirar wani kamfani ne na baya, ba su kai ingancin na asali ba. A watan Maris 2015 ɗan fim Harrison Ford ya faɗi a filin wasan golf kusa da Santa Monica da Ryan PT-22 ƙirar 1942, ya ji munanan raunuka. Wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne ya kwance a cikin kafireto inji ya mutu.

Tsadar da tsofaffin jirage suka yi daga baya kotu ce ta jawo. A 1978 kamfanonin Amurka sun sayar da ƙananan jirage 17,811. Sai ƙararrakin diyya suka yi yawa, ana kai kamfani kotu a kan jirgin da ya ƙera shekara 30 da suka wuce, kuɗin inshora ya haura. Cessna ta daina ƙera ƙananan jirage masu inji ɗaya a 1986, kamfanin Piper ya bar Lock Haven a 1984 ya kuma durƙushe a 1991. A 1994 jirage 928 kawai aka sayar, a shekarar ce majalisar Amurka ta yi dokar da ta iyakance alhakin kamfani zuwa shekara 18. Da sabo ya yi wuya, tsoho ya yi daraja. A 2004 kuma aka fito da wani lasisi mai sauƙi wanda ba ya buƙatar takardar likitan jirgi, lasisin mota ya wadatar, muddin jirgin bai wuce kilo 600 ba bisa dokar lokacin. Cub da Champion da Taylorcraft duk sun shiga, dattawan da ke gudun gwajin likita suka yi musu ca, farashi ya tashi. Jirgin da William Piper ya nace a yi don mai ƙaramin ƙarfi yau kuɗinsa ya kai na sabuwar mota mai kyau. Kuma mai tsohon jirgi kamar mai doki ne a birni, saye shi ne mafi sauƙi. Ga kuɗin rumfa duk wata, ga inshora, ga duban shekara-shekara da dole makanike mai lasisi ya yi ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Shi ya sa da yawa, musamman a Ingila, karo-karo suke yi, mutum biyar ko goma su mallaki jirgi ɗaya su raba ranaku.

Afirka tana shigowa wannan sha'awa ne galibi a matsayin wurin ɗaukar hoto. Gipsy Moth ɗin da aka yi fim ɗin Out of Africa da shi a 1985 an yi gwanjonsa a Paris a 2013 a kan sama da yuro 200,000. A ƙarshen 2016 wasu masu tsofaffin jirage suka taso daga tsibirin Crete zuwa Cape Town, suka sauka kusa da dalar Giza, suka ratsa Sudan, hukumomin Habasha suka tsare su na 'yan kwanaki a Gambela a kan batun izinin shiga. Jarumta ce babu shakka, amma hanyar da suka bi da irin tallar da aka yi mata begen zamanin mulkin mallaka ne, lokacin da Bature ke kallon nahiyar daga sama ba mai tambayarsa takarda. Alaƙar da ta fi wannan ma'ana tana Kaduna. Jirgin koyo na Air Beetle da aka harhaɗa wa sojan saman Nijeriya guda 60 daga ƙarshen shekarun 1980, a kan ƙirar RV-6A aka gina shi, ta Richard VanGrunsven na jihar Oregon. Shi kuwa ɗan gidan EAA ne, jirgin RV na farko wani tsohon ƙirar Ray Stits ne da ya saya ya canza wa fukafukai. Ashe abin da aka fara a gareji don nishaɗi ya zo har ya horar da hafsoshinmu.

Abin da ke gaban masu wannan sha'awa yanzu mai ne. Ƙananan jirage masu fistin suna shan wani fetur na musamman mai shuɗin launi, 100LL, wanda har yau akwai dalma a cikinsa, alhali ƙasa ta ƙarshe da ke sayar da fetur mai dalma ga motoci, Aljeriya, ta daina a 2021. Kamfani ɗaya ne a Ingila ya rage yana haɗa sinadarin. Man yana da tsada da wuyar samu a yankinmu, wannan na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man manyan jirage. A 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ayyana hayaƙin a matsayin haɗari ga lafiya, kuma an sa 2030 a matsayin shekarar rabuwa da shi. Abin dariyar shi ne injinan Cub da Moth ba su taɓa buƙatar wannan dalmar ba. Don mai mara ƙarfi aka ƙera su, wanda aka daina sayarwa tuntuni, kuma dalmar 100LL toshe musu fulogi take yi. Tun 1982 EAA ta samo izinin a zuba wa wasu ƙananan jirage fetur ɗin mota, sai kuma aka fara gauraya fetur ɗin mota da sinadarin etanol, wanda ke cin robobi da tiyo yana jan ruwa, izinin kuma bai yarda da shi ba. Don haka a filayen ciyawa na Amurka za ka tarar da mai jirgin 1946 ya san duk gidan man da ke sayar da fetur mara gauraye a gundumarsa, yana ɗauko shi a jarka a bayan mota, ya taka tsani ya tace da mazurari kafin ya zuba.